Ƙarar da ba a gayyata ba a sifikar mota: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin direbobinmu na Jidda da Makka da Madina, masu Camry da Hiace da Hilux da GMC, idan rediyo ko shasha (rediyo mai allo) ko amfilifaya ta fara wata ƙara. Kayan aikin da ake bukata ba su da yawa: mita mai auna volt da ohm, sifana mai lamba 10, sanfefa, sai kunne. Yawancin gwaje-gwajen nan a ƙofar gida za ka yi su, tun kafin ka nufi Sana'iyya, unguwar masu gyaran mota.

Da na taka totur sai wani siririn fito ya taso a sifika, yana hawa yana sauka tare da injin. Daga ina yake?

Daga dinamo. Wutar da dinamo ke haifarwa mai kai-da-komo ce a layi uku, sai dayod shida da ke cikinsa su miƙar da ita ta zama irin wadda batir ke karɓa. Miƙarwar ba ta cika ɗari bisa ɗari, kullum akwai 'yar rawa da ke saura a kan wutar. Dinamo yana juyawa ninki biyu zuwa uku na injin, don haka ko mota na tsaye rawar tana kai wajen 1,000 Hz, wato sau dubu a sakan ɗaya, inda kunne ke ji sosai, in ka taka totur kuma ta haura. Shi ne kukan sauron nan da kake ji.

Kowace mota mai dinamo tana da wannan rawar, har wadda ta fito daga kamfani jiya. Abin tambaya shi ne ta wace ƙofa ta shiga layin sauti, kuma mafi yawan lokaci ƙofar ita ce ardi, wato wayar da ake ɗaurawa a ƙarfen jikin mota don wuta ta koma batir. Rediyo tana da nata ardin a bayan dashbod, amfilifaya tana da nata a but ko ƙarƙashin kujera, ga wayar RCA, mai kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, ta haɗa su. Idan wuraren biyu ba su daidaita ba, ko da bambancin bai kai kashi ɗaya cikin goma na volt ba, wuta za ta nemi hanya ta bi ta rigar wayar RCA don ta cike gurbin. Amfilifaya ba ta san bambancin wannan da karatu ko waƙa ba, duk abin da ya iso bakinta ninka shi take yi ta tura sifika.

To yaya zan gane ƙofar da yake shigowa, ba tare da na kwance motar duka ba?

Daga baya ake farawa a taho gaba, kuma abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Wanda ya canza abu uku tare, ko ƙarar ta tafi bai san wanne ya gyara ta ba.

Kashe rediyo, ka zare wayoyin RCA daga jikin amfilifaya, sannan ka tayar da mota ka kunna rediyo ka taka totur. In fiton yana nan, laifin na amfilifaya ne ko ardinta ko wayoyin sifika, rediyo ba ta da hannu. Duba ko wata wayar sifika ta goge tana taɓa ƙarfe, musamman a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda waya ke lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa. In akwai ɗan akwatin da ke raba sauti tsakanin babbar sifika da ƙarama, a ɗaga shi daga inda yake, domin naɗin tagullar da ke cikinsa yana ɗaukar ƙara idan ya kwanta kusa da babbar wayar wuta.

In fiton ya ɗauke da ka zare RCA, to daga gaba yake zuwa. Samo wayar da bakinta ɗaya na salula ne, ɗayan kuma RCA, ka jona salularka kai tsaye da amfilifaya, amma kada salular ta kasance a caji. Sauti ya fito garau? Amfilifaya lafiyarta ƙalau. Sai ka ɗauko wata wayar RCA daban, ka shimfiɗa ta a fili ta kan kujeru daga rediyo zuwa amfilifaya. Idan ƙarar ta tafi, tsohuwar wayar ce ta lalace ko kuma hanyar da aka bi da ita ce ba daidai ba. Idan ba ta tafi ba, saura rediyo. Zaro ta daga dashbod tana kunne, ka riƙe ta a hannu yadda jikinta ba ya taɓa ƙarfe. Ƙarar ta ragu ko ta sauya, to ko dai wani tarin wayoyi a bayan dashbod ne ke feso mata, ko ardinta ne ba shi da kyau. Zare wayar eriya ma ka saurara, don ita kanta ardi ce ta wata hanyar.

Mai wayarin ya ce ardina yana da kyau, ya ɗaure shi tam. Me kuma ake nema?

Ɗaurewa tam daban, ardi mai kyau daban. Abin da muka fi gani in an ɗaga kafet shi ne waya an maƙale ta a ƙarƙashin notin kujera, a kan fenti, ko an huda siririn ƙarfen but da kusa mai cin kanta. Da ido lafiya lau. A mita kuwa ba haka ba.

Wayar ardi kaurinta ya zama daidai da na wayar wuta: in ka ja lamba 4 daga batir, ardi ma lamba 4, in lamba 8 ce, lamba 8. Tsawonta kada ya wuce santimita 45. A matse bakinta da zoben tagulla da abin matsewa, ba a murɗa gashin wayar a kan noti ba. Wurin da za a ɗaura a goge shi da sanfefa, faɗin kwabo, har farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli, a sa wosha mai haƙora, a ɗaure da noti, sannan a shafa giris ko fenti a kai. Wannan shafawar ta ƙarshe mutanen Jidda da Yanbu kada su raina ta, domin iskar teku da laima suna cin ƙarfen da aka goge cikin 'yan watanni, sai ka ga ƙarar da aka kashe bara ta dawo. Kafin a huda ko'ina a leƙa ƙasa, tankin mai da bututun birki suna nan. Notin bel ɗin kujera kuma a bar shi, ba don wannan aka yi shi ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na mita. Sa ta a kan volt na batir, ka ƙara wa baƙin sandan doguwar waya zuwa kan batir mai alamar ragi, jan sandan kuma a kan GND na amfilifaya, wato inda wayar ardinta ke shiga. Mota na aiki, sauti na tashi da ƙarfi, fitilu da mukayyif (na'urar sanyaya mota) a kunne. Ƙasa da 0.2 lafiya. Ya kai 0.5, a sake wuri. Idan amfilifaya biyu ce, a ɗaure ardinsu wuri guda. A kuma duba gajeriyar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da wadda ta haɗa injin da jiki, domin in waɗannan sun yi tsatsa ko farin gari ya hau kan batir, duk gyaran da aka yi a but aikin banza ne.

Wata lura ga masu sababbin motoci: da yawansu suna da ɗan na'urar auna wuta a kan batir ta ɓangaren ragi. Kada a ɗaura sabuwar waya kai tsaye a kan batir ta tsallake na'urar, a ɗaura a jikin mota, in ba haka ba kwamfutar motar za ta riƙa kuskuren lissafin caji.

An gyara ardi, an canza RCA, fiton bai tafi ba.

Abu uku suka rage. Na farko hanyar waya: wayar wuta ta bi gefe ɗaya na mota, RCA ta bi ɗaya gefen, in dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Masu sauri sukan cusa su duka a rami guda su naɗe da salatif.

Na biyu ardin RCA a cikin rediyon kanta. Rediyoyin Pioneer da yawa suna da wani ƙanƙanin fiyus a kan allonsu da ke tsare wannan layin, kuma yana ƙonewa idan aka zare ko aka jona RCA alhali kaya na kunne, ko aka kunna amfilifaya ba ardi. Alamarsa fito mai ƙarfi da ƙugi lokaci guda. Ɗauki guntun waya, ka taɓa bakinta ɗaya a ƙarfen waje na kan RCA, ɗayan a jikin rediyo. Idan shiru ya sauka nan take, ka gano shi. Ana iya barin wayar a ɗaure haka, amma gyaran gaskiya shi ne mai gyaran rediyo ya sauya fiyus ɗin.

Na uku dinamon kansa. Batir mai lafiya, mota a kashe, yana nuna 12.6. Mota na aiki ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4, ko da yake sababbin motoci suna hawa da sauka da gangan. Yanzu juya mita zuwa volt mai alamar igiya, irin na wutar gida, ka auna a bayan dinamo ko a kan batir, fitilu a kunne. Ƙasa da 0.1 shi ake so. Ya doshi 0.5, dayod ya mutu, kuma babu filtar da za ta rufe wannan. Batirin da ya gaji ma yana ƙara fito, domin shi ne babban mai shanye rawar wutar, kuma zafin ƙasar nan yana gajiyar da batir da wuri, da wuya ya yi shekarun da yake yi a ƙasashen sanyi.

Me zai hana in sayi filta kawai in huta?

Filta iri biyu ce a kasuwa, kowace da ciwon da take magani. Wadda ake sa wa a wayar wutar rediyo tana aiki ne idan ƙarar ta wayar wuta take shiga. Wadda ake sa wa a tsakiyar RCA, mai ƙananan taransifoma biyu a ciki, tana yanke hanyar da wuta ke bi tsakanin ardi biyu. Ta biyun takan kashe fiton, gaskiya ne, amma mai arha tana tafiya da wani ɓangare na duman wufa, wato babbar sifikar sauti mai nauyi, kuma mummunan ardin yana nan yana zafi a ƙarƙashin kafet. Mu a wurinmu ita ce ta ƙarshe, bayan an bi duk abin da ke sama. Babbar kafasita mai nuna lambobi da ake jerawa kusa da wufa kuwa ba a yi ta don fito ba, kada a sayar maka da ita da wannan sunan.

Ko mota a kashe, ina jin "shiii" a sifika, musamman tsakanin aya da aya in ina sauraron karatu.

Wannan ba ruwan dinamo. Maɓallin GAIN na amfilifaya ne aka murɗe shi har ƙarshe, ana zaton shi ne ƙarfin sauti. Aikinsa daidaita amfilifaya da abin da rediyo ke turowa. Rediyo mai fitar da volt 4 tana son GAIN ƙasa, mai volt 2 tana son a ɗan ɗaga.

Ga yadda ake saita shi da mita. Ninka watt na gaskiya, wanda aka rubuta RMS, da ohm na sifika, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito. Amfilifaya mai watt 300 a kan ohm 4: 1,200 ke nan, tushensa 34.6. Zare wayoyin sifika, kashe duk wani ƙarin duma, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka saka sautin gwaji na 50 Hz in wufa ce, ko 1,000 Hz in sifikun ƙofa ne. Mita a kan volt mai alamar igiya a bakin fitar sifika, ka murɗa GAIN daga ƙasa har ta nuna 34.6, ka tsaya. Lambar da aka buga da manyan haruffa a kwali, 2000W da ire-irenta, ba da ita ake lissafi ba.

Idan babu amfilifaya sam, shasha ce irin ta Android da aka saka a madadin rediyon kamfani, rage hasken fuskarta ka saurara. Wasu masu arha ƙararsu tana bin hasken, kuma wannan daga cikin allonsu yake. Ardi na musamman zuwa ƙarfen mota yakan rage shi, ba lallai ya kashe shi ba.

Sai na sa salula a caji ƙarar ke zuwa, in na zare ta tafi.

Caja ta ba salular ardi ɗaya, wayar AUX ta ba ta wani, ka koma matsalar farko a ƙaramin sigarta. Nan kam 'yar filtar AUX tana da amfani, ko ka koma Bluetooth. Gwada wata caja tukuna, don masu arhar nan da ake sayarwa a shagunan gidan mai su kansu masu feso ƙara ne, har FM suke dannewa.

Nawa ba fito ba ne, "tas-tas-tas" ne da sauri, yana bin injin.

Tartsatsin fulogi ne. Ko an sa fulogin da ba shi da abin rage ƙara a ciki, ko wayar fulogi ta tsage, ko koyil ya fara zubar da wuta. A fulogin NGK harafin R a cikin lambar shi ke nuna mai rage ƙara, kuma mita tana nuna wajen ohm 5,000 tsakanin kansa da tsininsa. Da dare, a wuri mai duhu, buɗe bonet ka duba, wani lokaci za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga waya. Mai Hilux ko Coaster ta dizal ya cire wannan daga lissafi, injinsa ba ya tartsatsi, ya koma kan dinamo da ardi.

Idan kuma "ɗas" guda ɗaya ce duk lokacin da kwamfaresan mukayyif ya kama, ko ka taka birki, ko waifa ta motsa, to rediyo tana raba ardi ko wuta da wannan na'urar. Yanke baƙar wayar rediyo daga tarin wayoyin kamfani ka kai ta ƙarfe ita kaɗai.

Duk lokacin da na kunna ko na kashe, wufa sai ta yi "dum".

Amfilifaya ce ke farkawa kafin rediyo ta natsu, ko take kwana bayanta. Duba inda aka ɗauko wayar REM, wadda ke kunna amfilifaya tana kashe ta. Wurinta shuɗiyar waya mai farin layi a bayan rediyo. Wasu suna ɗaukowa daga makulli, wasu daga shuɗiya zalla, wadda a rediyoyi da yawa ta eriya ce, shi ya sa za ka ga amfilifaya tana mutuwa da an bar FM an koma USB.

FM ta daina kamawa da kyau, tashar Alƙur'ani ma sai shashsha, alhali da garau take.

Tambayi kanka me aka saka wa motar kwanan nan. Kunna fitilun gaba ka kashe kana sauraro: ƙwayayen LED masu arha da ake musanya na kamfani da su suna daga cikin manyan masu kashe FM, haka kyamarar gaban gilashi da cajarta. Zoben ferrite da ake maƙalawa a wayarsu kusa da ƙwan yana taimakawa, in bai yi ba sai an canza ƙwan. Idan eriyar motarka siraran layuka ce a gilashin baya, ledar baƙin gilashi mai ƙarfe a ciki tana tare ta, kuma wajen ɓare tsohuwar leda da reza ana yanke layukan. Idan rediyo aka canza, wataƙila ba a jona wayar da ke ba ƙaramar amfilifayar eriya wuta ba: tashoshin kusa za su kama, da ka fita hanyar Makka zuwa Madina sai su ɓace tun ba a yi nisa ba.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da tasu matsalar. Rediyonsu yana tsallake lambobi ne bibbiyu, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a kan mai ƙarewa da cika kamar 88.0 ko 88.2, a AM kuma yana tafiya goma-goma alhali a yankin nan tara-tara ake. Tashar tana nan, rediyon ne ke tsayawa a gefenta. Wasu ana iya sauya musu yanki a cikin saiti.

Sifika ɗaya tana karkarwa in duma ta zo. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. Mayar da sautin gefenta kaɗai, ka danna murfin ƙofar da tafin hannu. Karkarwar ta tsaya, to ƙofa ce: maƙallan roba sun karye, ko sandar makulli na bugun ƙarfe, ko kwalbar ruwa ce a aljihun ƙofa. A baya kuma lambar mota ce ta fi kowa surutu. In za a manna tabarmar kashe karkarwa, a nemi ta butil mai bayan alminiyam. Mai kwalta tana narkewa a zafin Yuli, ta zubo cikin ƙofa da wari.

Idan ba ta tsaya ba, kwance sifikar. Mita a kan ohm: mai ohm 4 tana nuna tsakanin 3 da 4, in ta nuna sifili ko ba ta nuna komai ba, ta ƙone. Danna tsakiyarta a hankali da yatsu a baje. Ka ji tana gurzawa, ko dai naɗin cikinta ya kumbura da zafi ko yashi ya shiga. Duba bakin zoben da ke kewaye da ita, rana tana busar da na soso har ya rududduge, musamman sifikun da ke kan dashbod da bayan kujerun baya a motar da ke yini a rana.

Da azahar sautin yana shaƙewa sannan ya ɗauke, da dare kuwa lafiya.

Amfilifaya ce ke kare kanta daga zafi, za ka ga jar fitila a jikinta. A ba ta sarari, kada a kife ta, kada a lulluɓe ta da darduma ko kayan fasinja. A duba nauyin da aka ɗora mata: wufa biyu masu ohm 4 in an haɗa su gefe da gefe sun zama ohm 2, ba kowace ke ɗauka ba. Wadda ke ƙarƙashin kujerar gaba kuma a taɓa kafet ɗin wurin, domin in bututun zubar ruwan mukayyif ya toshe, cikin mota ruwan ke komawa.

Na sa wa GMC wufa, sai wani ƙugi mai nauyi ke tasowa da kansa ko babu abin da ke kunne.

Motoci irin su Yukon da Tahoe da Accord na shekarun baya-bayan nan da yawansu suna da makirfo a rufi da ke sauraron gurnanin injin, sai na'ura ta tura kishiyarsa ta sifika don ya mutu. An auna wannan da sifikun kamfani. Da ka ɗauki sauti daga wayoyinsu ka kai wa babbar wufa, sai kishiyar ta fi abin da take kashewa ƙarfi. Alamarsa: ƙugin yana sauyawa in ka buɗe ƙofa ko ka sauke gilashi. Maganinsa a cire wayar makirfon wannan na'urar, a kula kada a cire na amsa kira.

Tawa Camry ce mai haɗin batir da fetur. Duk wannan ya shafe ni?

Ardi, RCA, GAIN da caja duk ɗaya ne. Dinamo ne ba ka da shi, wata na'ura ce ke sauko da wutar babban batir zuwa volt 12, don haka fitonka ba lallai ya bi totur ba, yana iya zuwa ko injin na kashe muddin fitilar READY ta dashbod na kunne. A nesanta wayoyin sauti da wayoyi masu ruwan lemo da ke bi ta ƙarƙashin motar, kuma kada mai wayarin ya huda ko ya yanka kusa da su, wutar da ke ciki ta haura volt 200. Fiyus ɗin babbar wayar amfilifaya a sa shi cikin santimita 45 daga ƙaramin batir, wanda a irin wannan motar sau da yawa a but yake.